Ranar Da Na Canza Madubin Surukina

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na nufi Garo gidan surukaina da madubi ɗaure a bayan babur. Watanmu huɗu da aure a lokacin. Matata Hadiza, wadda ta riga ni zuwa da kwana biyu, ita ta faɗa mini a waya cewa madubin banɗakin Baba ya yi baƙi-baƙi, ko gemunsa ba ya gani sosai. Ni malamin makaranta ne a Gwarzo, kuma na san a gidan ana yi mini kallon wanda alli kaɗai ya iya riƙewa. Sai na ce ta bar mini aikin. (Ko ƙusar rataye kalanda ban taɓa kafawa ba, amma ban ga amfanin gaya mata ba.)

Na isa bayan azahar, Baba yana gona. Da muka gaisa da Inna, ta ce in bari mai gyaran famfo zai zo ran Litinin, sai ya haɗa da shi. Na ce ai abin minti goma ne. Na shiga banɗakin da farar shaddata, na turo ƙofa.

Ashe tsohon madubin da gam aka manna shi. Na zura sukundireba ta gefe na ɓanɓara, ya fito, amma ya taho da tayil biyu. Na ce ba komai, sabon zai rufe wurin. Na auna da ido, na ɗora ƙusa, na buga sau uku. A na huɗu na ji sautin ya canza, sai ga ruwa yana feso mini a ƙirji. Bututun da ya sauko daga tanki na huda.

Na zare ƙusar (wannan ma kuskure ne), na danna babban yatsana a ramin. Ina nan tsaye ina tunanin yadda zan kira Hadiza ba tare da Inna ta ji ba, sai na ji sallamar Baba a tsakar gida. Ya ga ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya buɗe.

Baba mutum ne mai natsuwa. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce, "Malam, sannu da zuwa. Ya mutanen Gwarzo?"

Tun da nake ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Kafin in yi tunani gwiwoyina sun kai ƙasa, yatsana ya bar bango. Ruwan ya wuce ta saman kaina, ya sami Baba daga hula har gemu.

Bai ko matsa ba. Ya share ido da hannun riga, ya ce, "Madalla. Ya aiki?"

Na ce, "Da godiya, Baba."

Ya zaga bayan ɗakin ya murɗa makullin tankin, ruwa ya tsaya. Daga madafa kuwa ina jiyo Inna da Hadiza suna wani irin tari da na san ba tari ba ne.

Kwana biyu mutanen gidan suka yi suna jan ruwa a rijiyar maƙwabta, har mai gyaran ya zo ya liƙe bututun, ya kafa madubin. Baba bai taɓa tayar da maganar ba, illa in na je yakan tare ni tun daga zaure ya ce in zauna in huta, babu abin da ya lalace.

Yanzu dai ba na buga ƙusa sai na tambayi ta inda ruwa ya bi. In kuma yatsana yana toshe da wani abu, Baba zai yi haƙuri, a tsaye zan gaishe shi.