Yadda Za Ka Zaɓi Batirin Kwale-kwale Ka Burge Surukinka

Idan ka sayi ɗan injin lantarkin nan da ake maƙala wa kwale-kwale a gindi, saura batir, to kakarka ta yanke saƙa, ka zo wurin da ya dace. Ni Tijjani na Unguwar Shanu, na bi matakan nan da ƙafata. Surukina Baba Ubaidullah tsohon masunci ne, ya taɓa cewa a gaban jama'a wai ni, mijin 'yarsa Sa'adatu, ko kwata ba na iya tsallakewa. Maganar ta ci mini rai, shi ya sa na sayi jirgin. In kai ma akwai wanda kake son wanke kanka a idonsa, bi ni a hankali, na lamunce maka sakamako.

Mataki na 1: Kada ka tambayi wanda ya sani

An ce matambayi ba ya ɓata. Ni dai na ga yana ɓata lokaci. Masani zai zaunar da kai ya ce injin jirgi yana son batir irin na sola, mai sakin wuta kaɗan-kaɗan tsawon yini, na mota kuwa tayar da inji kawai ya sani, sai ya kwanta. Zai ce ka duba lambobin jikinsa. Ka gyaɗa kai, ka ce Allah Ya ƙara basira, ka yi gaba. Mutumin da ke karanta jikin batir bai yarda da kansa ba.

Mataki na 2: Nufi Kawo

A bayan tasha akwai masu sayar da batiran da suka yi ritaya daga motocin haya. Gwaji biyu ne. Na farko ka ɗaga. In bayanka ya amsa, batir ne na ƙwarai. Na biyu ka sa a haɗa wayoyi su yi tartsatsi.

Wanda na saya a wurinsa ya kalle ni ya ce, “Alhaji, wannan fa shekara uku yana Kaduna zuwa Zariya. Ruwa kuma me zai gaya masa?”

Na ce, “Zai kai ni tsallake?”

Ya ce, “Da yardar Allah.”

Ka lura, ban ji ya ce zai dawo da ni ba. Kai ma kada ka tsananta bincike.

Mataki na 3: Bar filafili a gida

Filafili, wato abin tuƙin hannu, na marasa inji ne. Sa'adatu ta biyo ni da shi har ƙofar gida. “Maigida, ka saka ko a ƙarƙashin kujera ne, ba ya cin tuwo.”

Na ce, “Baba ya gan ni da wannan, ai na zubar da girmana.”

Ta ce, “To, Allah Ya kiyaye hanya,” da irin muryar da take yi in na ce zan gyara famfo da kaina.

Mataki na 4: Zaunar da suruki a gaba

Ka shimfiɗa masa darduma a goshin jirgin, ya ba ka baya. Hakan ya dace da kunya: ba ka kallon idonsa, ba ya kallon naka. Mu daga gaɓar Malali muka tashi da hantsi, da rani, za mu gonarsa ta tsallake. Jirgi ya yanki ruwa sumul. Wallahi na ji daɗin da ban ji ba tun ranar ɗaurin aurena.

Mataki na 5: In batir ya mutu, kada ka nuna

Ga falalar injin lantarki: ba ya ƙara yana aiki, ba ya ƙara in ya mutu. Namu ya cika a tsakiyar kogi, ba ko sallama. Ka ci gaba da riƙe hannun injin, kana ɗan murɗawa, ka ɗaure fuska. Ba a buɗe baki a ce wa suruki an gaza. Shi ma ba zai juyo ya kunyata mijin 'yarsa ba.

Haka ruwa ya ɗauke mu. Gonar Baba ta wuce ta hagu, muka yi kamar ba mu santa ba. Muka wuce Unguwar Rimi. Mata masu wanki suka ɗaga mana hannu, na ɗaga musu.

Mataki na 6: Jira

Daidai Kabala, Baba ya yi gyaran murya. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya zura ƙafa a ruwa. Ashe iya gwiwa ne. Na yunƙura zan sauka, ya ce ba tare da ya juyo ba, “Zauna, ɗan nan. Wa zai riƙe injin?”

Ya kama igiya ya ja. Dattijo mai furfura a ruwa, ni ƙato a zaune ina tuƙa mataccen inji, har gaɓa. Na so kogin ya yi zurfi ya haɗiye ni, ya ƙi.

Da muka isa gida Sa'adatu ta ga wandonsa jiƙe. “Baba, lafiya? Yaya jirgin?”

Ya ce, “Lafiya lau. Ni na sauka na ɗan taka ruwa, na yi kewarsa. Mijinki hannunsa bai bar inji ba ko sau ɗaya.”

Na shige ɗaki, idona ya cika da ƙwalla.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya tsinci kansa a ƙarƙashin gada, ko a bakin dangin matarsa, babu ruwana, kada a neme ni a Unguwar Shanu. Sayen batir na koya maka. Suruki mai rufa asiri kuwa ba a sayar da shi a Kawo, in naka ba irin nawa ba ne, ka koyi iyo.