Man Shok Ɗan Japan

Akwai wani mutumina a unguwarmu, Namadi, wanda shi da kansa ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Sana'arsa dai sayar da tabarmar roba ce a bakin kasuwa, amma in ya zauna a teburin mai shayi sai ka rantse shi ya ƙera babur na farko a duniya. Kullum zancensa ɗaya ne: "Ni tunda na sayi mashin ɗin nan bakanike bai taɓa ɗora masa sifana ba. Ina jin kukan inji na san inda ke masa ciwo." Mu kuwa sai mu ce, "Sai kai, Injiniya," don dai ya ƙaro mana.

Ana nan sai shok ɗinsa na gaba, wato ƙafafun ƙarfen nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, ya fara yoyo. Mai na tsiyaya ta ƙarfen, ƙura na manne masa, in ya taka birki gaban mashin ya durƙusa kamar raƙumi zai sauke kaya. Tasi'u bakanike, wanda muke shan shayi tare, ya leƙa ya ce masa, "Injiniya, sil ɗinka ya mutu, wato robar nan da ke tare mai. Ka kawo in canza maka. Kuma man shok daban yake, ba kowane ake ɗurawa ba. In ya yi kauri mashin ya sandare, in ya tsinke da yawa ya riƙa dukan ƙasa. Ƙafafun biyu kuma awo ɗaya ake zuba musu."

Namadi ya kurɓi shayi ya ce, "Tasi'u, ni kake karanta wa shok? Lokacin da nake kwance shok kai ko iskar taya ba a yarda ka ba ba."

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, ranar Asabar akwai ɗaurin aure a ƙauyen su surukinsa, Baba Sallau, kuma Baban ne waliyyin amarya. Shi kuwa tsohon tun wata sallah da Namadi ya zubar da shi a kwata ya rantse ba zai ƙara hawa bayansa ba. Sai da 'yarsa Lantana, matar Namadi, mai suyar kifin nan da duk unguwa ta san ƙamshin cittarta da tafarnuwa, ta yi ta lallashi kafin ya yarda a sake gwadawa. Ke nan wannan tafiyar ita ce za ta wanke Namadi a idon surukinsa, ko ta ƙarasa shi.

Ranar Juma'a ya sayo sil biyu, ya shige gida ya rufo ƙofa. Daga waje ba abin da muke ji sai bugu. Wani maƙwabcinsa ya ce ta saman katanga ya hango shi yana dukan sil da muciya. Da la'asar ya fito neman man shok, ya tarar mai shagon ya rufe tun da aka tafi masallaci bai dawo ba. Ya koma gida. Can sai ga shi ya turo mashin yana sheƙi.

Na ce, "Injiniya, ina ka samo mai, shago a rufe?"

Ya dube ni a wulaƙance. "Ni da man shago? Nawa ɗan Japan ne. Wani abokina da ke aiki a tashar jirgin ruwa ya aiko min. Ko a Kano ba ka samun irinsa."

Asabar da safe muka hallara ƙofar gidansa da baburanmu, don tare za mu yi ayari. Baba Sallau ya iso cikin farar babbar riga mai sitati, har ƙara take in ya motsa. Muna tsaye sai muka jiyo muryar Lantana daga cikin gida.

"Baban Hajara, ina galan ɗin man da na tace jiya? Nan na ajiye shi bayan murhu."

Namadi ya ɗaga murya daga zaure, "Ɓeraye ne. Na sha gaya miki gidan nan ɓeraye sun yi yawa."

"Ɓera ya ɗauki galan da murfinsa?"

"Na yanzu ai ba abin da ba sa yi."

Baba Sallau ya gyara hula ya hau bayan mashin. Ni kuma na lura da magen mai shayi ta bar wajen madara ta zo tana zagaya tayar gaba tana kuka. Na ce, "Injiniya, magen nan fa ta san kayan waje." Ya harare ni ya buga mashin.

Muna kan kwalta lafiya lau, har yana waiwayowa yana ɗaga mana babban yatsa. Muna sauka hanyar burji labari ya canza. Ramin farko, shok ya yi tsartuwa kamar mai cin goro. Ashe sil ɗin a kife ya sa su, muciya kuma ta tsaga ɗaya. Duk ramin da ya faɗa sai mai ya yi feshi, iska ta kwaso ta watsa baya. Ƙafa ɗaya ya cika ta har wuya, ɗayar kuma ɗan kaɗan ya rage mata, don haka mashin ya riƙa tafiya a karkace kamar mai ciwon haƙori. Mu da ke baya muka fara jin wani ƙamshi, irin wanda ke tashi a bakin tasha da magariba. Wani a cikinmu ya ce shi fa yunwa ta kama shi, bai san dalili ba.

Da muka isa, ƙofar masallaci cike take, liman da dattawa na zaune kan tabarmi ana jiran waliyyi. Namadi ya so ya tsaya da ƙasaita, ya damƙi birkin gaba, amma mai ya riga ya jiƙe shi. Sai da ya ja ƙafa a ƙasa, takalmi ɗaya ya fita, sannan suka tsaya a jikin buhun goro.

Baba Sallau ya sauko. Gefen farar rigar nan ya yi ɗige-ɗige ja-ja tun daga gwiwa har ƙasa, ƙudaje sun riga sun yi masa maraba. Kafin a gama gaisawa wani kare ya zo ya kafa harshe a jikin shok, kyanwoyi biyu na jiran layi.

Liman ya shaƙi iska ya ce, "Malam Sallau, har da kifi kuka taho mana? Ai da ba ku wahalar da kanku ba."

Tasi'u ya tsuguna gaban mashin, ya sa farce a bakin sil, ya zaro wani abu baƙi ya ɗaga sama. "Injiniya, wannan kuma wane ƙarfe ne a cikin shok? Ni dai kamar soyayyiyar albasa nake gani."

Namadi ya share gumi ya ce, "Jahilci ke nan. Sinadari ne kamfanin ke sawa don hana tsatsa." Ya juya wajen surukinsa ya russuna. "Baba, kada ka biye musu. Haka na asali yake ƙamshi. Babban kamfani ne a Japan, ba kowa ya san shi ba."

Tsohon ya naɗe hannun riga a hankali, ya dangwali man da yatsa, ya sansana, ya ɗora a harshe. Ya ɗan tauna, ya gyaɗa kai.

"A'a, Namadi, na san kamfanin. Ni na haifi mai shi, ni kuma na aura maka ita."