Ranar da Aka Zo Kama Girgiza-Gwamnati

Unguwarmu ta yi dace. Wasu suna alfahari da kwalta ko asibiti, mu kuwa Allah Ya ba mu marubuci. Shi ya raɗa wa kansa suna Girgiza-Gwamnati, muka karɓa, don ba a jayayya da mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya.

Ba ya rubutu a ɗaki kamar ƙananan marubuta. A ƙofar gida yake kafa tebur, inda masu wucewa za su ga yana tunani. Littafinsa na wani azzalumin shugaba ne, kuma ya daɗe bai ƙare ba. Laifin siyasa ne. Duk sanda aka canza gwamnati sai ya koma shafin farko ya canza wa azzalumin hula da tsayin gemu.

Burinsa ɗaya, a kama shi. Yakan ce mana a shagon aski, "Yara, marubucin da ba a taɓa ɗaurewa ba magatakarda ne. Masu mulki suna tsorona. Shirun nan da kuke ji, shiri suke yi."

Ni dai nakan gyaɗa kai, don babba ne.

Matarsa kuwa ba ruwanta da adabi. In ya karanta mata babi, sai ta ce, "Ya yi kyau. Famfo dai har yau bai kawo ba." Shi kuma ya ce mace ba ta hangen manyan al'amura.

Ran nan da hantsi sai ga mota baƙa ta tsaya, mutum biyu suka fito fuska ba annuri. Girgiza ya miƙe da murna, ya gyara riga, ya jira har jama'a suka taru.

"Na san za ku zo! Ku ɗaure hannun nan, amma alƙalami ba ya ɗauruwa. 'Yan'uwa, kada ku yi kuka."

Ya miƙa hannu biyu a haɗe.

Babban cikinsu ya dube shi ya ce, "Baba, ɗan matsa. Matar gidan muke nema."

Ashe saƙon murya ta tura wa ƙanwarta a waya, tana tambaya ina ruwan da aka yi alkawari ranar zaɓe, ta haɗa da zagi mai gishiri. Saƙon ya zagaye gari. Ashe ana zaton wuta a maƙera, a masaƙa take.

Suka sa ta a mota suka tafi. Girgiza ya bi motar yana cewa, "Ni na koya mata! Ku haɗa da ni!" Direba bai ko waiwayo ba.

Da yamma aka sako ta. Gida ya cika maƙil da masu jaje, har aka ari teburinsa aka jera kofunan ruwa. Wata 'yar jarida ta zo da abin naɗar magana. Girgiza ya tare ta a ƙofa, ya gyara murya.

Ta ce, "Sannu Baba. Kai ne mijin? Wace sana'a kake yi?"