Yadda Za Ka Zama Masanin Waƙoƙin Japan Kafin 'Yarka Ta Tafi Jami'a

Kai direban tasi da kake zaune a filin jiran fasinja na tashar jirgin sama ta JFK kana latsa waya, kana duba ko 'yarka ta amsa saƙon da ka tura mata tun safe: ba ta amsa ba, kuma ba za ta amsa ba. Ajiye wayar ka saurare ni. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba tare da ka cusa naka wayon a ciki ba, yarinyar da ba ta ce maka komai sai "Fine, Baba" za ta buɗe baki ta yi maka magana kafin ta ja akwatinta ta tafi jami'a. Tabbas ne. Ni Haisam na faɗa, kuma ba shaci-faɗi nake yi ba. Na taɓa ɗauko wani Bajapane daga JFK har unguwar Flushing. Barci ya yi tun daga tashar har ƙofar gidansa, amma dai mota ɗaya muka zauna.

Shaidata abokin aikina ne, Abdulmumini, mutumin Maraɗi, wanda ya ɗauki darasi a wurina. 'Yarsa Najat ta samu gurbi a wata jami'a can Buffalo, ƙarshen Agusta za ta tafi. 'Yar fari ce, don haka tun haihuwarta yake mata alkunya irin ta gida, ko sunanta ba ya kira. Ya manta a nan unguwar Harlem aka haife ta, inda yaro ke ɗaukar shirun uba a matsayin ba a damu da shi ba. Da tafiya ta matso sai ya ga in ta fita a haka shi ke nan, sai dai ya riƙa jin labarinta a bakin uwarta. Ya zo wurina ido jajur, na tausaya masa na karɓe shi ɗalibi.

Mataki na 1: Gano abin da ke cikin kunnenta

Kada ka tambaye ta, tambaya ta jahilai ce. Jira ta cire iyafis ta shiga alwala, ka ɗauka ka sa a kunnenka. Za ka ji wata siririyar murya tana sheƙa gudu kamar an biyo ta, kiɗa yana binta a baya bai taɓa cim mata ba. Wannan ita ce waƙar Japan, kuma ita ce ta ƙwace maka 'ya. Kada ka yar da iyafis ɗin, kada kuma ka yi a'uziyya da ƙarfi. Abdulmumini ya yi duka biyun, har ya taka ɗaya ya fasa, sai da muka je titin 116 muka nemo wani.

Mataki na 2: Haɗiye tambayoyin mutanen kirki

A gida in ka ji waƙa, ka san abin da ake tambaya. Wa ake wa waƙar? Ɗan wane ne mawaƙin? Wane ne ubangidansa? Duk waɗannan tambayoyi ne na hankali, shi ya sa ba su da amfani a nan.

Na gargaɗi ɗalibina, bai ji ba. Suna cin abinci ya gyara murya ya ce, "Ke, wagga waƙa da kike ji, wane mai kuɗɗi aka yi ma?"

Najat ba ta ko ɗago ba. "Nobody, Baba. It's about rain."

Ya kira ni daga bayan gida, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Malam Haisam, ka ji hwa. Mutum ya zamna, ya tara kayan kiɗi, ya yi ma ruwan sama waƙa. To ruwan sama na ba da mota?"

Na ce masa ruwan saman Japan daban yake. Kai ma ka riƙe wannan amsar, za ta fitar da kai a wurare da yawa.

Mataki na 3: Raina mai rerawa, yabi mai tsarawa

Nan ne baƙi ke faɗuwa. Kada ka kuskura ka ce, "Yarinyar nan tana da murya." Babu wata yarinya. Kwamfuta ce. Wani mutum ne yake zama a ɗakinsa ya rubuta waƙa, ya haɗa kiɗa, ya koya wa na'ura ta rera. Masoyan gaskiya shi suke bi, kuma suna yi wa duk wanda bai san sunansa ba kallon tausayi.

Gwanin Najat wani ne da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Inda ya kamata hotonsa ya kasance, zanen kifi ne riƙe da laima. Sunansa kuwa na gwada faɗa har na ciji harshe, don haka mu direbobi muke ce masa Mai Kifi. Mutum ba fuska, ba dangi, ba a san garinsu ba, ko gaisuwa ba a taɓa aiko shi ba, amma 'yarka ta san abin da ke ɓata masa rai, ta san wace shekara ya yi rashin lafiya. Kai da kake biyan kuɗin haya ba ta san ko kana da ciwon baya ba. Kada ka ji haushi. Ji, amma kada ka nuna.

Mataki na 4: Haddace jimla ɗaya tak

Ba sai ka saurari waƙa ko ɗaya ba. Masana da yawa ba su saurara ba. Jimlar ita ce: "Tsofaffin waƙoƙinsa sun fi." Ka faɗe ta kana kallon taga, ka ja numfashi, kamar wanda ya san mutumin tun yana talaka. Babu masoyin kiɗa a duniya, daga Kano har Tokyo, da wannan magana ba ta taɓa shi.

Abdulmumini ya gwada, kuma wallahi ta yi aiki. Najat ta cire iyafis ɗaya, ta juyo ta dube shi. "Which one?"

Wannan ce ba mu shirya mata ba. Ya yi ta laluben ƙwaƙwalwarsa, ya ce, "Bon, ta ruwan saman nan."

"That came out last month," in ji ta. Ta mayar da iyafis ɗinta.

Kada ka kira wannan faɗuwa. Kunne ɗaya ya buɗe, ido biyu sun dube shi. A harkarmu ta ilimi ci gaba muke kiransa.

Mataki na 5: Raka ta wasa, amma ka ɗaure hannunka

Za a zo a yi wasan waƙoƙin gwaninta a wani zaure a Brooklyn. Sayi tikiti biyu. Za ta ce ba ta so ka je, za ta kuma karɓi tikitin. Kada ka sa babbar riga. Za a ba ka wata 'yar sanda mai haske, ka riƙa kaɗa ta yadda ka ga yara suna yi, gaba in sun yi gaba. Mai rerawa za ta bayyana a cikin wani ƙaton gilashi, gashi har ƙasa, tana rawa. Haske ne kawai. Ka maimaita wa kanka: haske ne.

Abin da ya faru da Abdulmumini ba ya cikin manhajata, ina so a shaida. Yana tsaye yana kaɗa sandarsa baibai, sai ya waiga ya ga Najat. Tana tsalle, tana bin kowace kalma da Japananci, tana dariya har haƙoranta a waje. Rabonsa da ganin wannan dariyar tun tana ƙarama yana kai ta wurin lilo. Zuciyarsa ta cika. Shi kuwa mutumin Maraɗi in mawaƙi ya cika masa zuciya, abu ɗaya ya sani.

Ya ratsa yara, ya hau dandamali, ya zaro dala ya manna wa gilashin daidai goshin mawaƙiyar. Ita kuwa ta tsallake can gefe. Ya bi ta ya sake mannawa. Ta dawo tsakiya, ya dawo. Mutum mai furfura yana tsere da haske yana liƙi, yara sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, har masu gadi suka zo suka riƙe shi ta hammata suka fita da shi. Yana ce musu, "Mi na yi? Godiya nike mata."

Najat ta hau jirgin ƙasa ta koma gida ita kaɗai. Daga ranar ko "Fine" ɗin ma ta daina. In ya shigo falo sai ta tashi. Uwarta Rahina ta aiko mini da saƙon murya: "Malam Haisam, da kai da ɗalibinka Allah Ya shirye ku. Ɗan abin da ya rage ma kun ƙarasa shi."

Ban amsa ba. Malami ba ya jayayya da iyayen yara.

Mataki na 6: Idan gwani ya ajiye aiki

Zai ajiye. Duk haka suke, ba su da juriyar mawaƙanmu da ke waƙa har haƙora su zube. Agusta ta shigo, an fara ɗaure kaya, sai Mai Kifi ya wallafa 'yar gajeriyar sanarwa cewa ya gaji, ya gode, ba zai ƙara ba. Ya kuma goge waƙoƙinsa kaf. Najat ta kulle kanta a ɗaki, ba ci, ba magana, sai kuka. Rahina ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Yanzu a kan kifi kike wannan?" Kukan ya ƙaru.

Shawarata ta masana a nan ita ce ka sayo pizza, ka ce mata ai akwai wasu masu tsara waƙar, Japan a cike take da su. Na ba Abdulmumini wannan shawara kyauta. Sai ya ce mini a waya, "Malam Haisam, ni ban san Japan ba, kai ma ba ka sani ba. Abin da na sani, ɗiyata ta yi asara. In mutum ya yi asara mi aka yi mishi?"

Na ce, "Jaje."

"To sa riga ka taho."

Na je bayan la'asar tare da wasu direbobi biyu da ya kirawo, kowa da kaftani da hula, mun bar layi a JFK ana ta saukar jirage. Muka tuɓe takalma a ƙofar ɗakin yarinya. Ubanta ya yi sallama kamar ya zo gidan wani babba. Ta buɗe, ido a kumbure, ta ga dattawa a jere, ta rasa abin yi, ta koma bakin gado. Muka zauna a kan kafet, hotunan 'yan tsana masu manyan idanu suna kallonmu daga bango. Gwiwata ta yi ƙara da na durƙusa.

Abdulmumini ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashe abin da ya samu ke nan. Sannu. Ya aka ji da haƙuri? Allah shi maida alheri."

Muka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi tasa. Sannan muka yi shiru, yadda ake yi. Ba wanda ya yi wa'azi, ba wanda ya ce abin bai kai ba. Ni dai jira nake ta kore mu. Ta bi fuskokinmu da kallo tana neman wanda zai yi dariya, ba ta samu ba.

Can ta ce, "Amin."

Ta goge hanci, ta dubi ubanta. Hausarta tana ɗingishi, amma Hausa ce. "Baba, lokacin da nike middle school, in na dawo gida ba kowa. Mama tana aiki, kai kana JFK. Ina jin tsoron gidan. Shi ne nike sa waƙar shi har ku dawo."

"Ban sani ba," in ji shi.

"Ba ka tambaya ba."

Bai kare kansa ba, bai kawo zancen haya ba. Ya ce, "To ina tambaya yanzu. Wace ce kike sawa?"

Ta fara ba shi labari, rabi Hausa rabi Turanci, wannan ta ranar da aka yi mata dariyar ɗankwali, wannan ta ranar jarrabawa. Muka zame ɗaya-ɗaya muka bar su. Raina ya sosu ƙwarai, ba zan ɓoye ba, sai da na tsaya a matakala na fyace hanci kafin na iya sa takalmi.

Mataki na 7: Karɓi yabon

In abu ya yi kyau, ka ce tsari ne tun farko. Ni haka nake faɗa a filin jira, cewa liƙin ma da gangan na sa shi. Abdulmumini yana ji, sai ya ci gaba da goge motarsa.

Sanarwar wanke hannu

Ni Haisam ba ni da alhakin iyafis da aka taka, ko hotonka da zai yawo a wayoyin yara, ko fasinjan da ka rasa kana zaune a kan kafet. Musamman kuma ba ni da alhakin abin da ke zuwa bayan nasara. Abdulmumini shi ya kai Najat Buffalo da kansa, ta yi masa surutu tun daga Harlem har ƙofar makaranta, bai kunna rediyo ba ko sau ɗaya. Ya dawo shi kaɗai. Washegari na same shi a mota bai shiga layi ba, ya ce mini da ya bar ta da "Fine, Baba" da tafiyar ba ta yi masa ciwo haka ba, don sai yanzu ya san wadda ta bar gidan.

Kai ma in ta kai ka nan, kada ka kawo mini ƙorafi. Magana na ce za ta yi maka, ban ce za ta zauna ba.