Sandar Penitito a Gaban 'Yan Kwastan

Na taɓa yin faɗa da Penitito, ɗan danginmu, kuma na yarda laifina ne. Na kira shi Peni a zauren coci, a gaban jama'a, wata uku bayan ya dawo daga ƙasarmu Samowa da sarautar mai magana da yawun dangi. Ban san sunan da nake kiransa da shi tun yana tsula mini fitsari a zani ya koma zagi ba. Ya miƙe, ya gyara izgar zaren kwakwa a kafaɗa, ya yi mini jawabi har shayi ya huce, mai ya daskare a kan nama. A ƙarshe ya ce tsohuwar da ba ta iya karanta sunanta ba, ta daina taɓa sunan manya. Na ce to, in na ga manyan zan kiyaye. Shekara biyu ba mu gaisa ba.

Amma a faɗi gaskiya, duk 'yan Samowan da ke tsinkar lemo a garin Girifis, nan ƙasar da muke ci-rani, babu kamarsa. Ga tumbi da ke riga shi shiga ɗaki. Ga murya, in ya ce amin sai jarirai su farka. Ga uwa uba ilimin jirgin sama, don ya taɓa tura kekunan kaya a filin jirgin Sidni har wata takwas, shekara ashirin da suka wuce. Ya ce ya bar aikin ne don manyan wurin sun fara tsoron zai gaje su. Tun daga nan ba jirgin da zai gifta ta saman gona bai ajiye kwando ya faɗa mana inda za shi ba. Matan gona suka sa masa Sarkin Gajimare. Ya ji, ya ga sunan ya yi masa daidai, ya karɓa.

Da yayana Lemeki ya rasu, sai tafiya ta kama ni. A gidanmu ba a rufe namiji sai 'yar'uwarsa ta shimfiɗa masa tabarmar gado da hannunta, mai jan gashin tsuntsu a gefe, ita kuwa tabarmar tana can gida Samowa a akwatin uwarmu. Aka ajiye gawa a sanyi, na tafi ɗauko ta tare da Fuatino, 'yar ƙanwata, uwar 'ya'ya biyar wadda ba ta iya musu da kowa ba. Penitito ya biyo mu ba wanda ya gayyace shi. Wai tabarma mai daraja ba ta hawa jirgi ba tare da mai magana da yawun dangi ba.

A dawowa lissafin a fili yake. Za mu sauka Sidni da rana, muna da awa biyu mu ɗauki kaya, mu wuce kwastan, mu hau motar da ke kai mutane ɗaya ɓangaren filin jirgin, a sake caje mu, mu kama ƙaramin jirgin Girifis. Shi ne na ƙarshe a ranar. Jana'iza gobe da hantsi.

Muna sama aka raba takardar nan da ake tambayar ko kana ɗauke da abinci, ko itace, ko ganye, ko gashin tsuntsu. Sarkin Gajimare ya warce tawa da ta Fuatino. Fasfo da tikiti dama tun a gida ya tattara su cikin jakar da ya ɗaura a ƙasan tumbi.

"Ku saurara, ku mata," ya ce, har na kujerar baya na ji. "Filin nan na san shi kamar yunwar cikina. Layi biyu ne. Akwai na masu cewa e, inda ake zazzage wa mutum kaya har ɗan kamfai. Akwai na masu cewa a'a, na mutanen da ake ganin fuskarsu a buɗe musu hanya. Ni ban taɓa bin na farkon ba."

Na ce, "To kwalin gasasshiyar gwazata fa?"

"Abincin makoki ba abinci ba ne, girmamawa ce."

Ban iya karatu ba, amma shekara talatin ina ganin gefen da ake sa mini alama in na ɗauko gwaza. Shi duk ya jera nasa a ɗaya gefen, reras. Na karɓi takardata.

Wurin duba fasfo na'ura ce ke kallon fuskar mutum ta buɗe masa ƙofa. Ni ta buɗe mini. Fuatino ma ta buɗe mata. Shi kuwa ya tsaya mata da baƙin tabarau, ya ɗaga haɓa yadda yake yi in za a ɗauki hoton biki. Sau uku tana ƙin sa. Ya ce sabuwa ce, ba ta san tsofaffin ma'aikata ba. Aka tura shi layin mutane, muka yi minti ashirin muna kallon ƙeyarsa.

Sai kuma sanda. Sandar sarautarsa ta fi shi tsawo, don haka ta wata ƙofa daban take fitowa, tare da kekunan yara da allunan masu wasan igiyar ruwa. Ya ce kakanni bakwai suka riƙe ta, ba zai taka ƙasar nan ba sai tana hannunsa. Rabin awa muka jira kakannin. Da suka iso ya warware su daga leda a hankali, ya rataya izga, ya shiga gabanmu yana tafiya kamar coci ya cika ana jiransa.

A bakin kwastan wata jami'a ce mai jan gashi, da ɗan karenta mai dogayen kunnuwa. Karen ya shinshina ni ya wuce, ya je gaban Penitito ya zauna. Sarkin Gajimare ya waiwayo mu, fuska cike da annuri.

"Kun gani? Dabba ma ta san girma."

Jami'ar ta karɓi takardarsa. "Baba, akwai itace a kayanka?"

"Babu."

Ta dubi sandar tun daga ƙasa har sama. "Wannan fa?"

"Wannan muryar ƙauyuka uku ce, 'yata."

Kafin ta taɓa tawa na riga ta. Na ce, "'Yar nan, takardar nan ba ni na cika ba, ban iya karatu ba. Ina da gasasshiyar gwaza da ganyenta, ga takardar izinin shigo da ita da aka ba ni a can. Ina da tabarma mai gashin tsuntsu. Yayana zan rufe gobe, jirgina kuma ya kusa tashi."

"Sannu, Kaka. Allah ya ba da haƙuri. Ɗora a tebur, yanzu za ki wuce."

Ta kai hannu za ta warware tabarmar, sai ga tumbi tsakaninta da tebur. Ba a buɗe tabarmar gado ba jawabi, in ji shi, ko a gaban wa. Ya ware ƙafa, ya kafa sanda, ya jefa izga kafaɗar hagu, ya mayar ta dama.

"Godiya ga Ubangijin sammai, wanda ya tsare mu a bisa teku! Gaisuwa ga wannan ƙasa da masu ita! Gaisuwa ga wannan gida mai daraja, wanda ni ma na taɓa yi wa hidima! Safiya ta zo ta wuce, safiyar zubar da jini, safiyar zuwan bishara..."

Layi ya taru a bayanmu har ya lanƙwasa. Wani Bature mai jariri a ƙirji yana duba agogo yana cizon leɓe. Jami'ar ta raɗa wa Fuatino, "Ya kusa gamawa?"

"Bai gama gaisuwa ba," in ji Fuatino, kanta a ƙasa.

Da ya zo kan sunan ƙauyensa, daɗin muryarsa ya kwashe shi, ya ɗaga sanda ya buga ta a ƙasa. Sai wani farin gari ya zubo masa a kan takalmi.

Jami'ar ta ce, "Ba ni aron muryar nan, Baba." Ta shimfiɗa farar takarda a tebur, ta ƙwanƙwasa sandar sau biyu. Gari ya zubo kamar ana tankaɗe, ƙwari uku suka fito suna neman hanya. Ta juya gindin sandar, ga ɗan tambarin shago a manne, ta karanta shi da ƙarfi. Ashe kakannin nan bakwai duk a rumfa ɗaya suke zaune a kasuwar Apiya, babban birninmu, inda baƙi ke sayen tsaraba.

Daga nan aka buɗe akwatinsa. Ɗanyen naman alade a naɗe cikin rigar coci. Kwakwa biyu har sun fara tsiro. Can ƙasa, cikin safa, ƙunshin ɓawon itace da saiwoyi.

"Wannan na mene ne?"

Tun da aka haife shi ban taɓa ganin an yi masa tambaya ya rasa amsa ba sai yau. Tausayi ya kama ni, na taimake shi.

"Na maza ne, 'yar nan. Mazan da bakinsu kaɗai ya rage yana aiki."

Baturen mai jariri ya yi dariya har yaron ya farka.

Nawa kayan minti biyar suka ci. Ta duba gwaza, ta duba takardarta, ta ɗaga gefen tabarma ta shafa gashin da yatsa, ta naɗe ta da kyau fiye da yadda na naɗe. Shi kuwa aka ce ya biyo su wani ɗaki, akwai magana. Saura minti arba'in, tikitina kuma yana ƙasan tumbinsa.

"Ba inda za ku," ya ce. "Dangi ba sa barin mai maganarsu a baya. Ku zauna ku jira ni, zan sa a tsayar da jirgin. Na san mutane."

Fuatino ta fara neman kujera. Ni kuwa na cusa hannu ƙarƙashin tumbin nan, wurin da ko matarsa ta daɗe ba ta leƙa ba, na ja zif, na zare namu na bar masa nasa.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Motar ta tsaya a kowace fitila. A wurin caje na biyu ƙarfen da likitoci suka sa mini a ƙugu ya sa na'ura kuka, wata ta lalube ni daga wuya har idon sawu ina rungume da tabarma. Muna isa ana jan ƙofar jirgi. Fuatino ta faɗa kujera tana haki tana dariya, wai ba ta taɓa ƙin bin maganar mai sarauta ba, ashe ba a mutuwa.

Da hantsi na shimfiɗa wa Lemeki tabarmarsa. Fasto ya yi addu'a gajeriya, aka rera waƙa biyu, aka rufe shi, aka ci gwaza da zafinta. Mutane suka yi ta cewa ba su taɓa ganin jana'izar da ta tashi da wuri haka ba, sun rasa dalili.

Washegari da yamma Sarkin Gajimare ya sauka daga motar haya, ƙafafu a kumbure, ba sanda, ba izga. Bai ko je gida ba, ya zo ƙofata ina wanke tukwanen makoki. Ya ce an wulakanta al'ada. Ya ce jana'izar da mai magana bai yi jawabi ba, ba ta cika ba. Ya ce kwana tara yana shirya wa Lemeki jawabi, kuma dole a ji shi.

Na zubar da ruwan wanke-wanke, na nuna masa hanyar maƙabarta da ludayi.

"Kabari na uku daga bakin ƙofa, ranka ya daɗe. Je ka yi masa, kada ka rage ko kalma ɗaya. Shi ba jirgin da zai kama."