Don Fulgencio Ya Je Ceton Nicanor

"Ni da doka tare muka yi rarrafe," in ji Don Fulgencio, mai askin unguwarmu. "Ɗan sandan da zai tsare mutumina ba a haife shi ba tukuna."

Ka dai san irinsu. Ya taɓa yin shara a ofishin wani lauya a Santiago, shi ke nan muka shiga uku. Ka je aski, ka dawo da rabin kai da cikakkiyar lacca.

To, ranar nan sai bunsurun Doña Herminia ya ɓata, aka zo aka tafi da mijina Nicanor. Ni dai na bi su caji ofis, don na san halin kayana. Amma Nicanor, Allah ya ba shi, bakinsa kamar an ɗinke. Saje Almonte ya gaya masa yana da haƙƙin yin shiru, shi kuwa ya rungumi haƙƙin nan hannu bibbiyu. Ba shaida, ba bunsuru. Saje ya gaji, har ya miƙo masa hularsa ya ce ya tafi gida.

Daidai nan Lauyan Almakashi, wato Don Fulgencio, ya faɗo caji ofis, da kwat ɗin aro, yana zufa. Na yi ta ƙifta masa ido, bai ko kalle ni ba.

"Kada ka ce uffan, compadre, aminina!" Ya buga tebur. "Ba dole ne ka gaya musu inda kake ranar Talata da rana ba. In sun tambaye ka me ya kai ka bayan shingen Doña Herminia, ka yi gum."

Saje ya mayar da hular kan tebur a hankali.

Na taka ƙafar Don Fulgencio, ya ce in bar masana su yi aikinsu. Ya ci gaba da lissafa wa Nicanor abubuwan da doka ta ce kada ya faɗa: igiyar da ya aro, babur ɗin da aka ɗauko dabbar a kai, har da farfesun da aka shirya yi ranar Lahadi. Saje ya nemi biro, nasa ya ƙi rubutu, Don Fulgencio ya zaro nasa ya miƙa masa.

"Kuma ba ku da ikon shiga gidana ba da takardar alƙali ba," ya ƙara, yana gyara kwat. "Ko da kun ji kuka a bayan ɗakin girki."

Saje ya tambaye shi cikin ladabi ko zai yarda su leƙa, tunda shi mai gaskiya ne. Gogan ya ce shi ba ya tsoron kowa, ya shige gaba ya kai Saje da wani kurtu da kansa. Suka dawo su huɗu, na huɗun yana tafe yana zuba kashi.

Aka rufe mai askin da Nicanor ɗaki guda. Don Fulgencio ya fara yi wa mijina bayanin ɗaukaka ƙara. Ba a jima ba Nicanor ya buɗe baki, karo na farko a ranar.

"Saje, ba ka ce doka ta hana azabtar da wanda aka tsare ba? Don Allah a raba ni da shi."

Ɗakin tsarewa ɗaya ne tal. Kurtun ya ce a kai Don Fulgencio tsakar gida, inda aka ɗaure bunsurun. Saje ya dubi dabbar, ya girgiza kai.

"A'a. Shi wannan bai yi laifin komai ba."