Lasifikar Lungun Alhaji Tanimu

Akwai wani attajiri a Funtuwa, Alhaji Tanimu mai tayoyi, wanda in ya ga abu a gidan wani, barci ba ya ɗaukarsa sai ya ga irinsa a nasa. Ya je Abuja, aka shigar da shi ɗakin kallon wani abokin kasuwancinsa, ya ji ƙarar motar cikin fim ta taso daga bayan ƙeyarsa ta wuce ta kunnen dama har sai da ya sunkuya. Ya dawo gida ya ce shi ma sai ya yi. To amma fili ya ƙare. Abin da ya rage wani ɗan tsukuku ne tsakanin gareji da rijiya, magina suka bi shi yadda yake, ɗaki ya fito a lanƙwashe kamar lauje, can ƙurya kuma ya karkace ya yi lungu.

Ranar da aka gama rufi taubashinsa Barau ya leƙo, ya ce, "Tanimu, wannan ɗaki ne ko hanji?" Maganar ta tsaya wa Alhaji a rai. Duk garin nan kowa "ranka ya daɗe" yake ce masa, ban da wannan ɗan gwaggon nasa da wasa ya halatta wa komai. Ya ci alwashin sai Barau ya yaba ɗakin nan da bakinsa, a gaban mutane.

Aka ɗauko Sagiru mai haɗa kayan sauti. Ya jera lasifiku gaba da baya, ya zagaya yana tafa hannu yana saurare, sannan ya ce, "Alhaji, na gaba su ke magana, na baya kuwa iska ce da kukan dabbobi da ƙarar ƙofa. Yadda ɗakin nan ya karkace, wuri ɗaya ne duk suke haɗuwa, nan dab da ƙofa. Nan za a sa kujerarka."

Alhaji ya dubi wurin. Inda ake tuɓe takalma ne, inda 'yan fadarsa ke zubewa in sun zo gaisuwa. Ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin maigida a bakin ƙofa? Kai mini kujerata ƙurya." Sagiru ya buɗe baki, ya tuna ba a gama sallamarsa ba, ya rufe. Aka kai kujera lungu, allo yana ganuwa a kaikaice, lasifikar baya tana daidai saitin hular Alhaji.

Ranar buɗewa, bayan la'asar, aka cika. Barau ya samu wuri a tsakiya, 'yan fada suka zube bakin ƙofa, babbansu Na'allah yana gaba. Aka sa fim na ban dariya. Su na ƙofa suna jin kowace kalma tar, kamar a kunne ake raɗa musu. Alhaji kuwa tun da aka fara, bakuna kawai yake gani suna motsi. Abin da ke zuwa masa shi ne carar zakara, da kukan akuya, da wani babur da ke ta wucewa ta bayan kansa.

To a fadar Alhaji Tanimu ba a dariya sai ya fara. Ga abin dariya yana ta zuba, 'yan fada sun cika kumatu suna satar kallon lungu, suna jiran izini. Shi kuma yana satar kallonsu, yana jiran su yi ya san inda ake yi. Ɗaki ya yi tsit kamar zaman makoki. Alhaji ya hango Barau yana hamma, hankalinsa ya tashi, ya ce a ransa dole a motsa wurin nan kafin a ji kunya.

Can sai aka nuno wani tsoho, wani ya zo ya faɗa masa magana, tsoho ya ɗora hannu a ka ya zube ƙasa daɓas. Alhaji ya ce yauwa, ga ta nan. Ya kece da dariya har da dukan hannun kujera. Nan take bakin ƙofa ya ɗauka, Na'allah har da kwanciya yana riƙe ciki.

Barau kaɗai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Alhaji ya sa aka tsayar da fim. "Kai kuma salatin me kake yi?"

"An gaya wa tsohon nan cewa ɗansa ya rasu."

Dariya ta ɗauke kamar an ɗauke wuta. Alhaji ya juya ga Na'allah. "Kun ji haka?"

"Mun ji, ranka ya daɗe."

"Kuka yi dariya?"

"Ai mun ga ka yi, ranka ya daɗe. Mun ɗauka akwai abin da ka hango."

Kunya ta lulluɓe Alhaji, ya rasa wanda zai huce a kansa, sai ya miƙe ya nuna lasifikar da ke saman kansa. "Sagiru! Zo ka cire mini wannan 'yar banza ka fitar da ita waje. Tun ɗazu take cika mini kunne da hayaniya, ba ta gaya mini abin da ake ciki ba!"

Barau ya gyara zama, ya ce, "A'a, bi a hankali, Tanimu. In duk mai wannan laifin za a fitar, ni da kai kaɗai za mu ƙarasa fim ɗin nan."